Ranar da 'Yar Ja Ta Ƙi Hawa Tudu

Ke da kika rubuto a ƙarƙashin labarina na baya cewa tsohuwa irina jikoki ya kamata ta goya, ba soyayya ba, saƙonki ya iso. Autata ta karanta mini, na ce ta maimaita don kar in ɗauki alhakinki. Allah ya kai ki shekaruna, ki wayi gari a ɗakin da ba mai ce miki kin tashi lafiya sai agogon bango, sannan ki dawo mu yi maganar. Ni ban yi boko ba. Da baki nake faɗa, Auta na dannawa a waya, kuma na ja kunnenta kar ta shafa wa maganata mai. Yadda ta fito daga bakina haka za ku same ta.

Waɗanda yau suka fara bina, ga inda aka kwana. Maigidana ya rasu ya bar mini gida, da 'ya'ya biyu da suka riga suka zama mutane, da mota. Kar ku zaci irin motar kai yara makaranta ce. Tsohuwar ƙira ce ta zamanin samartakarsa, kujera biyu rak, dogon hanci, ƙasa-ƙasa kamar mai shirin lasar kwalta, rufinta na tamfol ana naɗe shi baya. Ja ce jawur, shi ya sa muke ce mata 'Yar Ja. Shiga cikinta sai ka durƙusa, fita kuwa sai ka nemi mai jan hannunka, balle in gwiwarka ta fara irin halin tawa.

Tun yana raye mutum ɗaya ne ke taɓa injinta, wani bakanike abokinsa da kowa ke kira Dogo. Shi ma matarsa ta jima da rasuwa. Bayan an yi mana rashi, Malam Dogo bai daina zuwa ba. Duk ƙarshen mako sai ga shi da shuɗiyar rigar aikinsa, wankakkiya a goge, da ɗan tsumma a ninke a aljihun gaba kamar hankici. Ya ce mota kamar ƙafar tsoho ce, zama ke kashe ta. Ya tayar da ita, ya karkata kai ya saurara, ya zagaya unguwa ya dawo. Ni kuma in miƙa masa shayi ta tagar kicin.

Wata rana ya leƙo ya ce, "Hajiya, motar nan tana karkata gefe ɗaya."

Na ce, "To gyara ta mana, ba aikinka ba ne?"

Ya ce, "Gyaranta mutum ne a ɗaya kujerar."

Na yi tsaki, na ce tsofaffin yanzu ba su da ta ido. Sannan na shiga ɗaki na ɗauko mayafi.

Daga nan ne fa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin iskar nan a fuskata, na ji daɗin mutum a gefena wanda ba ya tambayata ko na sha maganin hawan jini. Bai iya zaƙin baki irin na samarinku na waya ba. Ranar da ya furta yana son aurena ma, kansa na cikin bonet, sai da na ce ya fito ya faɗa wa fuskata, ai ba injin zai aura ba.

Auta ta yi murna. Babban ɗana kuwa, wanda muke ce wa Babba, ko uffan bai ce ba, kuma shirunsa ya fi zagi nauyi. Shagonsa na bakin titin da muke bi, yana sayar da makullai da kwaɗo da sakatun ƙofa. Sana'a takan shiga jinin mutum. Babba in ya ga abu a buɗe, jikinsa ƙaiƙayi yake. Shi ya sa wa get ɗina kwaɗo biyu, ya sa wa sito, ya sa wa famfon waje don kar masu wucewa su ɗiba. Har firij ya taɓa yi wa kallon sha'awa, na ce in ya kuskura da tsintsiya zan raka shi.

To ga yadda aka soma. Akwai lokacin da na kwanta jinyar ƙafa, 'Yar Ja ta daɗe ba a fita da ita ba. Da na warke, Malam Dogo ya buɗe tanki ya shinshina, ya ce man ya tsufa, yana warin fenti, kuma ruwa ya kwanta a ƙasansa. In aka bar shi zai toshe mata hanyoyi. Ni da hannuna na ba shi jarka. Ya zura tiyo ya zuƙo, ya zuba kaɗan a kwalba ya ɗaga wa rana, ya nuna mini yadda ruwan ya ware a gindi. Ashe duk wannan Babba na bakin get, bai yi sallama ba, hoto ya ɗauka ya juya.

Ba a jima ba na shiga gareji na tarar da sabon abu yana ƙyalli a bayan motar. An cire tsohon murfin tanki, an sa wani mai ramin makulli. Na kira Babba.

"Wannan fa?"

"Tsohon ya yi tsatsa, Mama. Na cika mata tanki har wuya kuma, don in san abin da ke fita."

"Wa yake fitar da shi?"

"Ni dai ban ambaci sunan kowa ba."

Ya ɗaga zoben makullansa ya nuna mini ƙaramin a ciki, ya mayar aljihu.

Ƙarshen makon Malam Dogo ya zo. Ina kallonsa ta taga. Ya zagaya motar yadda ya saba, yana shafa ta da tafin hannu, har ya kai baya. Ya tsaya. Ya kalli murfin nan kamar mai karanta takarda. Ya zaro tsummansa ya goge hannayen da ba su taɓa komai ba tukuna, ya ninke, ya koma gaba ya buɗe bonet. Daga ranar ban ƙara ganin ƙafarsa ta wuce ƙofar motar zuwa baya ba.

Daga ranar kuma 'Yar Ja ta kama ciwo.

A gida lafiya lau take. Ka murza makulli ta tashi, ta yi ta gurnaninta a silo, tana tsaye wuri ɗaya, kamar kyanwar da ta ƙoshi. Mu fita, mu wuce shatale-tale, mu miƙe titi, tana ja kamar a ce ta tashi sama. Sai mun kusa dogon tudun da ke bayan asibiti ta fara. Ta yi tari ɗaya. Ta ɗan fizga kamar an riƙo ta daga baya. Sai tarin ya zama biyu, uku, kaina na gaba yana baya, salansar hayaƙinta na fat-fat. Malam Dogo ya taka totur har ƙasa, ita kuwa sai ja da baya take a ƙarfi, kamar mai hawan bene da ruwa a ka. Kafin tsakiyar tudu ta yi shiru. Mu gangara gefe mu zauna a inuwar wata bishiya, motoci na wucewa ana leƙenmu. In ta huta sosai, ya murza, ta tashi kamar ba ita ba.

Na ce, "Aljanu ne a tudun nan?"

Ya ce, "Misin take. Wani daga cikin ɗakunan injin ne ba ya kama wuta a kan lokaci. Ko wutar ce ta yi rauni, ko abincin ne ba ya isa. Bi za mu yi a hankali."

Ya ko bi. Na shimfiɗa masa tsohon zanen gado a kan teburin gareji, ya jera kayansa. Ya fara da wuta, don ya ce ciwon da ke zuwa in injin ya yi zafi, ya tafi in ya huce, yawanci kwayil ne, wato gwangwanin nan da ke ƙara wa wuta ƙarfi. Ya aro wani ya sa. Muka fita, ta mutu a tudu. Ya rufe ƙofar gareji don a yi duhu, ya tayar da ita, ya ce in zuba ido a kan wayoyin fulogi ko zan ga tartsatsi na tsalle. Ban ga komai ba sai farin gemunsa. Duk da haka ya sauya wayoyin. Muka fita, ta mutu a tudu.

Rannan a nan gefen titi, tana mutuwa ya kwance fulogai da zafinsu, yana jujjuya su a tsumma. Ya miƙo mini ɗaya.

"Kalli bakinsa. Wane launi ne?"

"Fari. Kamar alli."

"In baƙi ne, mai ya yi mata yawa. In ruwan ƙasa ne, ƙalau take. Fari kuwa yunwa ce, Hajiya. Ba wuta ba ce. Na ɓata miki lokaci."

Na ce yunwa da tanki cike har wuya?

Ya koma bin hanyar mai. Ya sauya filta. Ya cire bakin tiyo ya sa a kwalba, ya ce in murza makulli, famfo ya watso mai tsaf. Ya kwance kafireto, mai haɗa mai da iska, gaba ɗaya ya baje a zanena, ƙananan alluran nan da sukurori, ya wanke ya hura ya mayar, yini guda cur. Muka fita, na yi ta addu'a a zuci. Ta mutu a tudu. Ya daɗe riƙe da sitiyari yana kallon gaba. Mutumin da ya san motar nan tun kafin a haifi Babba, sai ga shi kamar ɗan koyo.

Washegari da hantsi ina shanya, Auta ta fito da waya a hannu, fuskarta ba daɗi.

"Mama, kin ga gurup ɗin dangi?"

"Ni karatu nake? Karanta mini."

"A bar shi kawai."

"Karanta, ko in kai wa maƙwabta su karanta."

Hoton ne. Malam Dogo a durƙushe, tiyo a baki, jarkata a gabansa. A ƙasa Babba ya rubuta: "Ga mai son auren mahaifiyarmu. Ya fara da mai, da na toshe nan ya koma lalata injin, don a ce motar Baba ta mutu a sallama masa ita." Ƙanin marigayi, wanda bai taɓa zuwa duba ni da nake jinya ba, shi ya fara amsawa: "Dama na faɗa." Wata da ko sunanta sai na yi tunani ta sa hoton fuska mai kuka. Kowa ya tofa. Kafin rana ta yi tsaka, hoton ya fita daga dangi ya kai layin garejin da Malam Dogo ke aiki.

Da yamma na buɗe get na ga akwatin sifanun marigayi a ƙasa, wanda Malam Dogo ke riƙe da shi tun rashin, da makullin gareji a kai. Sai saƙon murya ya shigo. Shi kam ya san ba na karatu, bai taɓa turo mini rubutu ba.

"Hajiya, ina gaisuwa. Na ajiye kaya a ƙofa. Motar ta gagare ni, ki yi haƙuri. Ki dinga sa wani yana tayar da ita, kar ta zauna."

Shi ke nan. Ba tsinuwa, ba rantsuwa. Na saurara na sake saurara har Auta ta ƙwace wayar.

Ku da kuke karatu, ku fahimce ni. Ba auren ne ya hana ni sukuni ba. Aure in an yi, an yi, in ba a yi ba ai na taɓa yi. Amma bakanike jarinsa amana ce. Mutum ya kawo maka mota ya bar maka makulli ya tafi gida, don me? In aka ce kana zuƙe mai, an rufe maka shago ko da ƙofarka a buɗe take. Kuma a gidana aka yi masa, da jarkata. Na kudurta cewa bakin da ya ɓata shi a gaban dangi, shi zai wanke shi a gaban dangi.

Na samu Babba a shago, a tsakiyar kwaɗunansa.

"Ka goge abin da ka rubuta, ka ba shi haƙuri."

"Mama, ke ba kya gani ne. So ya rufe miki ido."

"Idona da ya ga haihuwarka? Ni na ba shi jarkar!"

"To motar fa? Me ya sa ba ta lalace ba sai da na hana shi mai? Gobe zan kai ta wajen wani bakanike a ƙetaren gari, ya tono abin da aka yi mata. In kawo miki shaida har ɗaki."

"Ba sai ka kawo ba. Da ni za a."

Da safe na sa koriyar doguwar rigata mai aiki a wuya, wadda nake ajiye wa manyan fita, da farin mayafi, da takalmin da ke matse mini yatsa. In za a je kotu ai ba a zuwa da kayan kicin. Babba ya naɗe jikinsa ya shiga bayan sitiyari, gwiwarsa na taɓa allon gaban motar. Ya iya ta, ubansa ne ya koya masa. Muka wuce shatale-tale, muka miƙe.

Ta yi tarin farko. Ya ƙara wuta. Ta fizga, ta yi fat-fat, ta mutu a inda ta saba, kusan a ƙarƙashin bishiyarmu.

Ya bugi sitiyari. "Ya kwashe man! Wallahi ya kwashe!"

Gejin man motar ya daɗe da mutuwa, allurar a kwance take tun zamanin marigayi. Na ce, "Makulli na aljihunka. Ta ina ya kwasa, ta salansa?"

Ya fita a fusace. Na daddafa na fito na bi shi, don ina son in ga fuskarsa. Ya zura makulli ya murɗa. Murfin ya ƙi tasowa, kamar ana riƙe da shi daga ciki. Ya sa ƙarfi. Sai muka ji fuuuush, doguwa, irin ta mutumin da ya daɗe a ƙarƙashin ruwa ya ɗago kai. Daga ƙasan motar kuma tankin ya ce ɓum. Muka kalli juna. Ya leƙa, ya girgiza motar. Ga mai nan yana rawa kusa da baki.

Ya rufe, ya kulle, muka shiga. Murzawa biyu ta tashi, ba ta nemi hutun da ta saba ba. Ta haye tudun nan kamar ƙasa ce a shimfiɗe. Ya ɗan kalle ni ta gefen ido, wai shi hannunsa ne. Muka wuce gada, muka wuce wurin masu sayar da fulawoyi, can gaba sai ga tarin ya dawo.

Wannan karon bai bugi komai ba. Ya fita a hankali. Ina zaune na ji fuuuush ɗin, na ji ɓum ɗin. Na jira bai dawo ba, sai na juya. Yana tsaye a rana da murfin a hannu, ya kifa shi, yana bin baƙar robar da ke ciki da babban yatsa. Ya kai baki ya hura, ya sake hurawa.

Ya dawo ya zauna, murfin a cinya.

"Na Baba akwai ɗan rami a samansa," ya ce, ba ni yake kallo ba. "Kamar na allura. Na zaci tsatsa ce ta ci shi."

"Wannan fa?"

"Na zaɓi mafi kyau a shago. Ko iska ba ta shiga."

Sai abin ya faɗo mini, ni da na gama rayuwa a kicin. Gwangwanin madara in ka huda shi wuri ɗaya, ɗiga zai yi ya tsaya. Sai ka huda ɗaya gefen, iska ta shiga, sannan ya zuba. Famfo na jan mai, ba abin da ke maye gurbinsa, tanki ya shaƙe ya riƙe sauran. A gida ba ta shan da yawa, shi ya sa take ƙalau. In ta huta, iska ta ɗan sulale ciki, ta farfaɗo. Cikawar da Babba ya yi mata har wuya ma ƙara gaggauta abin ta yi.

Na shirya maganganu tun jiya, masu kaifi, na jera su kamar wuƙaƙe. Na buɗe baki, sai idona ya sauka a bayan wuyansa, gumi na gangarowa cikin kwalar riga. Ɗan da na haifa ne, ya girma ya yi furfura biyu a ƙeya ban lura ba. Duk wuƙaƙen suka dakushe, saura ɗaya.

"Juya. Garejin Malam Dogo."

Ya ɗora murfin a bakin tanki sako-sako bai murɗa ba. Tun daga nan har layin gareji 'Yar Ja ba ta yi tari ko ɗaya ba.

Layin ya yi tsit da muka shiga, kowa ya san motar, kowa ya ga hoton. Garejin Malam Dogo na ƙarshe. Ramin duba mota fayau, ba ko keke. Yana zaune a kan tsohuwar taya yana wanke sifanu masu tsabta. Ya miƙe, ya gaishe ni, ya miƙa wa Babba hannu kamar ba abin da ya faru. Babba ya sa masa murfin a tafin hannun.

Ya juya shi, ya duba robar, ya gyaɗa kai. Ban ga mamaki a fuskarsa ba, kuma rashin mamakin nan ne ya tayar mini da wuta.

"Malam, ka sani?"

"Ban sani ba. Zargi na yi."

"Tun yaushe?"

"Da na gama da kafireto, na ga ba saura sai tanki."

"Ka yi zargi ka yi shiru? Ka ajiye mini akwati a ƙofa kamar ɗan aike? Ana yawo da hotonka a waya, kai kana nan kana wanke ƙarfe?"

Ya ce, "Hajiya, ki yi tunani. An sa kwaɗo saboda ni. In zo in ce maganin motar a cire kwaɗon. In ke ce Babba, me za ki ji?"

"Ni da ka gaya wa!"

"In na gaya miki, ki je ki ƙwato makulli a hannun ɗanki da faɗa. In ya zama ba shi ba ne fa? Sau nawa na yi kuskure a motar nan, kina gani. In ya zama shi ne kuma, na shiga tsakanin uwa da ɗa. Na ga gara a ce ta gagare ni."

Na ce ban taɓa ganin maza biyu masu taurin kai irinsu ba, ɗaya ya kulle, ɗaya ya ƙi tambaya, ni da mota muna ta mutuwa a tudu. Wani mai walda a maƙwabta ya fashe da dariya, na juya na kalle shi ya koma bakin aikinsa.

Na zaro wayata, na buɗe gurup ɗin, wanda nake ganewa da hoton marigayi a jiki. Na miƙa wa Babba.

"Da murya. Rubutu ana gogewa, kuma ni ba na karantawa."

Ya karɓa ya riƙe. Malam Dogo ya ce a bar shi, ya wuce. Na ce ba da shi nake ba.

"Zan faɗa, Mama," in ji Babba, muryarsa ta yi ƙasa. "Amma ki sani, ni ba man ne ya dame ni ba. Ina shago sai in ji ƙararta daga nesa, zuciyata ta ce ga Baba nan. In ɗago kai, in ga wani a kujerarsa, ke kuma kina dariya."

Na so in ce masa ni ma na daɗe ina ɗago kai haka. Na so in kama kansa in rungume a gaban masu walda. Amma ciwonsa daban, hakkin bawan Allah daban, kuma in na haɗa su yau ba za su ƙara rabuwa ba.

Na ce, "Na ji. Za mu yi wannan a gida, ni da kai. Yanzu danna."

Ya danna. Ya gyara murya.

"Salamu alaikum. Hoton da na turo, tsohon mai ne Mama ta sa a kwashe. Motar kuma murfin da na sa mata ne ya hana ta tafiya. Baba Dogo bai ɗauki komai ba, bai lalata komai ba. Na yi masa ƙazafi. Duk wanda ya tura hoton gaba, ya tura wannan ma."

Ya saki, na ji ƙaramar ƙarar tafiyar saƙo. Rabon da ya ce Baba Dogo tun ubansa na raye.

Malam Dogo ya juya mana baya, ya daɗe yana neman wani abu a durowar da ke buɗe a gabansa. Can ya fito da ɗan injin huji da siririn baki kamar tsinke. Ya ce murfin mai kyau ne, ba sai an jefar ba, numfashi kawai yake so. Ya ce Babba ya riƙe masa a kan benci. Na tsaya ina kallon kawunansu biyu a sunkuye wuri ɗaya, injin na zizz, garin ƙarfe na zuba a kan yatsun ɗana. Wayata ta fara kuka a hannuna, saƙo kan saƙo, ban ko duba ba.

Malam Dogo ya hura ramin, ya ɗaga wa haske, ya ajiye. Ya zaro tsummansa ya goge hannu yatsa bayan yatsa.

"Babba, ina da magana da kai. Ba ta mota ba ce. Tun farko kai ya kamata in fara samu, ban yi ba."

Gabana ya faɗi kamar na budurwa, wallahi, da jikokina da komai. Na gyara mayafi na matso don a yi da ni. Sai Babba ya juyo.

"Mama, ki ɗan jira a mota."

Ni da na zo ƙwatar hakki da bakina, ni aka kora waje. Na tafi na durƙusa na shiga 'Yar Ja, na cire takalmin da ya ishe ni, na karkata madubi yadda zan hango cikin garejin. Ba na jin komai sai ƙarar walda. Na ga Malam Dogo ya janyo benci, ya kakkaɓe shi da tsumma, ya nuna wa ɗana.

Babba bai zauna ba. Amma kuma bai fito ba.